Allura Uku a Wuyan Siririya

Sai da muka ƙetare gadar Gaya muka shiga Malanbil na fara jin nauyin abin da na ɗauko. Kwana biyu ke nan muna cikin kamyo, babbar motar kaya, tun daga Belbeji, ni da direba Sale, da ragunan layya cike da bayan mota, da karya guda ɗaure a kan buhunan harawa. Ragunan nawa ne, na kuma san hanyarsu, don na daɗe ina kai su Kwatano duk gabanin babbar salla. Karyar ce ban san yadda ake tafiya da ita ba.

Ta Baba Agali ce, wani tsohon Buzu mai kiwo a arewa da Belbeji. A hannunsa na sayi tunkiyar farko da na taɓa juyawa, lokacin da ko takalmin kirki ba ni da shi, kuma tun daga ranar bai sake kai dabbarsa wurin wani dillali ba. Ɗansa Sidi yana gadi a wani gida a Lome, shekara uku bai taka gida ba. Da aka tambaye shi a waya me yake so a aika masa, bai ce cuku ba, bai ce gero ba. Ya ce karyar da ya raina da hannunsa.

"Irin wannan ba a sayarwa, ba a kuma ba direba saƙonta," in ji tsohon. "Kai zan ba, Habu."

"Baba, ni ko taɓa kare ba na yi."

"Ban ce ka taɓa ba. Kai ta na ce."

Doguwa ce, launin yashi, ciki a ɗame, ƙafafu kamar na barewa. Zomo ba ya tsere mata. Na sa mata suna Siririya don in samu abin kira. Kwana biyu kafin mu tashi na kai ta wurin malamin dabbobi na garinmu, ya fiddo kwalba daga sanyin firigo, ya yi mata rigakafin haukan kare, ya rubuta a wani ɗan karne, littafin rigakafi, ya buga masa tampo, wato hatimi. Ya ce, "Wannan ta ishe ta shekara cur. Kada ka bari a ƙara mata." Na ce to, hankalina yana kan raguna.

A Malanbil, Sale ya tafi da takardun mota wurin duwan, 'yan kwastan, ni ina shayar da dabbobi, sai ga wani mutum da farar riga irin ta asibiti da jaka a kafaɗa. Bai ko kalli ragunan ba, kansa ya ɗaga sama wajen buhuna.

"Mai kare, ina takarda?"

Na miƙa masa karnen. Ya juya shi gaba da baya, ya tsuke baki.

"Wannan na can ƙetaren kogi ne. Haukan karenku daban, namu daban. In jandarma suka tare ku a gaba, a gabanka za su harbe ta."

"To yaya ake yi?"

"Allura. Sai in ba ka takardar nan ƙasa, da tampo."

Gaskiya ban ji an cuce ni ba. Daɗi ma na ji. Mu dillalan dabbobi da allura muka girma. Rago ya sunkuyar da kai, allura. Zai yi doguwar hanya, allura. Gobe kasuwa, a yi masa allura gashinsa ya kwanta. Na sha gani lokacin rigakafin shanu ana tsaga kunnen wadda aka yi wa don kada a maimaita mata, amma ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka rowar magani ce kawai ta gwamnati. A lissafina allura kamar dusa take, wanda ya samu da yawa shi ya fi ƙiba.

Mutumin ya zaro kwalba daga cikin jakar da ta wuni a rana, ya soka mata a wuya. Ta yi ɗan kuka guda ta yi shiru. Ya ba ni takarda mai launin ɗorawa, na ninke ta na haɗa da karnen a aljihun gaba. Da Sale ya dawo na nuna masa, ya yi dariya har ya dafa taya.

"Alhaji, ni da nake bin hanyar nan kullum takardata ɗaya. Karyarka ta fi ni gata."

Daga nan ƙasa ta sauya. Itatuwa suka rufe sama, iska ta yi nauyi, riga ta manne a baya. Ban iya zama wuri ɗaya ba. Duk inda Sale ya rage gudu sai na leƙa ta taga in ga ko tana nan. Tana nan, kwance, hanci a kan ƙafafu, ba ta ko kallon hanya. A Belbeji kuwa tsaye take kwana, in ji masu ita.

Mun isa Paraku washegari da azahar, ruwan sama yana zuba kamar da bokiti. Na dama mata fura da nonon da na saya wurin wata Bafulatana, ta sunsuna ta kau da kai. Ina tsugune ina lallashinta kamar mara lafiyar gida, sai na ji an ce a bayana, "Sannu da hanya, mutanen Damargu."

Wanda bai yi nesa da gida ba ba zai gane abin da muryar nan ta yi mini ba. Wani mai sayar da maganin dabbobi ne, akwatinsa ɗaure a bayan moto, wato babur. Ya ce shi ɗan Gangara ne, can wajenmu. Ya tambaye ni ko an yi shuka, ko rijiyar bakin kasuwa har yanzu tana da ruwan kanwa. Ya sayo mini shayi da kuɗinsa. Muka zauna a ƙarƙashin rumfa muna hirar gero da gyaɗa har na manta a ƙasar wa nake.

Sannan ya dubi Siririya ya girgiza kai.

"Ɗan'uwa, wa ya ce ka shigo da karen arewa kudu haka? Cututtukan karnuka bakwai ne a nan, babu ko ɗaya a wajenmu. Ga shi har ta fara kamuwa."

"An yi mata rigakafi sau biyu."

"Na hauka kaɗai. Akwai mai haɗe da duka bakwai ɗin. Ban cika ba kowa ba."

Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Ni na ce ya yi. Ni na riƙe mata kai da hannuna biyu, ranar da na fara taɓa kare a rayuwata, don ta ƙi tsayawa. Da idona na ga allurar da ya soka wa ragona mai tari ita ya goge a gefen wando ya soka mata, a wuri ɗaya da ta Malanbil. Na gani, ban hana ba, don haka muke yi wa tumaki kullum. Na ma roƙe shi takarda. Ya yago wata daga cikin wani littafi, ya cike ta a kan sirdin moto, ya hura wa tampo iska ya danna.

A hanya Sale ya ce, "Mutumin nan naka, bara ɗan Tasawa ne. Da na zo da wasu 'yan Tawa kuma ɗan Tawa ya zama."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ka tambaye ni? Na ga kuna ta kuka a kan rijiya."

Kafin mu shiga Kwatano wuyanta ya kumbura kamar an cusa mata mangwaro a ƙarƙashin fata. Jikinta zafi, idanu sun yi ja, ƙafafun nan dogaye suna rawa. Fatomana na zango, wanda nake sauka gidansa shekara da shekaru, ya tsaya a bakin ƙofa ya haɗe hannu.

"Alhaji Habu, kai da ragunanka gida naku ne. Amma kare ba zai shiga inda nake salla ba. Balle mai ciwo."

Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan ce. Na ɗaure ta a jikin wata motar da ta mutu a bakin kara, kasuwar dabbobi, na shiga ciniki. Amma wane ciniki. Mai saye yana buɗe bakin rago yana taya mini, ni kuma wuyana yana juyawa wajen matacciyar mota. Ragunan da na saba riƙewa har jajibirin salla, in sa su su yi daraja, na sallamar da su cikin kwana biyu ga wani babban dillali. Ya san abin da ya samu, don ko kallon idona bai yi ba da muke musafaha.

Akwai wata mata mai sayar da shinkafa da wake a gefen karar, ana ce mata Mama Afi. Ba Bahaushiya ba ce, ba Musulma ba, Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya a bakinta. Na dawo daga sallar la'asar ban ga Siririya a inda na bar ta ba. Ashe matar ce ta kwance ta, ta kai ta ƙarƙashin teburinta, ta shimfiɗa mata kwali, ta sa mata tsumma mai ruwa a wuya.

"Kai ne mai shi?" ta ce. "Kai ba ka da ido? Rana ya dafa shi."

Na ba ta labari tun daga Belbeji. Da na kai allura ta uku ta ajiye ludayi. Ta sunkuya ta jawo wata kyanwa fara da ke barci a kan buhun gawayi, ta buɗa mini gashin bayanta. Tsakanin kafaɗu akwai wani dogon tabo, babu gashi ko ɗaya.

"Wannan na gidan da na yi aiki da. Madam yana son shi kamar ɗa. Za shi tafiya, allura. Ya dawo, allura. Ya ji labari a rediyo, allura. Sai ƙullu ya fito, ƙato. Madam ya ce a jefar. Ni na kai dakta ya yanka." Ta saki kyanwar. "Gobe ka zo da safe. Ka yi wanka, kana warin tunkiya."

Washegari ta bar wa maƙwabciyarta tukunya, muka hau kabu-kabu biyu zuwa wurin daktan, ni rungume da karya a cinya cikin cunkoson Kwatano, mutane suna nuna ni. Daktan tsoho ne mai tabarau, ɗakinsa ƙarami amma fes, firigo yana gurnani a kusurwa. Faransanci yake yi, ni kuwa nawa bai wuce na bariya, shingen jandarma a hanya, da kasuwa ba, sai Mama Afi ke juya mini. Na zube masa takardun uku a tebur ina jin kaina. Ya duba karnen Belbeji ya gyaɗa kai. Sauran biyun ya ɗaga su da yatsa biyu, ya tura gefe.

Ya tsaga kumburin. Abin da ya fito ba na rubutawa ba ne, mugunya ta kusa cika ƙaramin kwano. Siririya ba ta yi kuka ba, ni ne na fita waje na jingina da bango.

Da na dawo ya zaunar da ni. Mama Afi ta ce, "Ya ce in tambaye ka, kwana nawa tsakanin na farko da na uku?"

Na ƙirga a yatsu. "Biyar."

Tsohon ya cire tabarau ya yi magana mai tsawo, a hankali, kamar mai karanta wa ɗalibi allo. Abin da na kwasa daga bakin Mama Afi shi ne, rigakafi ba maganin mara lafiya ba ne, lafiyayye ake yi wa, a ba jiki lokaci ya koyi faɗa. Ta farko ta yi daidai, ita kaɗai ta isa. Sauran biyun bai san me ke cikin kwalaben ba, ko rigakafin da rana ta kashe, ko ruwa, ko wani abin, amma ƙazantar allura ta shiga jini. Ya ce kada in je gida in ce dakta ya hana allura, don haukan kare in ya kama mutum ba shi da magani, ya ga masu mutuwa da shi. Sau ɗaya, a lokacinta, a hannun wanda ya sani. Ya ce yanzu jikin karyar nan ya gaji, kada kowa ya ƙara soka mata rigakafi, ko wane ne, har shekara ta zagayo. Ya rubuta haka da jan biro, ya sa hannu, ya ba ni ƙwayoyin da zan riƙa tura mata cikin nama.

Muna fita ya nuna takardun nan biyu ya ce wani abu gajere.

"Ya ce ka jefa su a shara," in ji Mama Afi.

Na ce to. Amma ban jefa ba. Ni mutumin bariya ne, na sha kwana a hanya saboda rashin takarda guda, ban taɓa ganin wanda yawan takarda ya tsayar ba. Abu da tampo a jikinsa, kuma na biya, in jefar? Na mayar da su aljihu.

Kwana goma sha ɗaya na yi a Kwatano ina jinya. Sale ya yi lodin gishiri ya koma arewa ya bar ni. Salla ta same ni a can. Na yi idi cikin baƙi, na dawo na tarar fatoma ya aiko mini da hanta, na yanka rabi na tura ƙwaya a ciki na ba Siririya. Ranar ta fara ci da kanta. Uwargidana ta kira ta ce an yanka ragon gida, yara suna tambaya, mutane kuma suna cewa wai na zauna a kurmi saboda kare. Na ce ta ce musu haka ne. Ban iya zaman zango, ban iya yawo. In na tafi bakin teku sai in ji kamar ta mutu a bayana, in dawo da sauri. In na zauna kusa da ita sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayin hanya. Baba Agali ya sa an kira ni sau biyu, na ce muna nan tafe, hanya ce ba kyau.

Da ramin wuyan ya fara haɗewa na yi sallama da Mama Afi. Na miƙa mata abin da na ga ya dace, ta ture hannuna da bayan ludayi.

"Ka sayi sabulu," ta ce.

Na kama hanyar Lome, a iyakar Togo wani ya sake tare mu, wannan ba farar riga, wata takarda ce cikin roba rataye a wuyansa, da jaka irin waccan. Bai gama buɗe baki ba na ce a'a. Ya ce to ba za ta wuce ba. Mai taksin da na biya wa kujera biyu ya jira kaɗan, fasinja suka fara zagi, ya sauke mini jaka ya tafi. Na zauna a gindin wata katanga, igiya a hannu, tun hantsi. Mutumin yakan zagayo ya rage farashi, in ce a'a, ya tafi. Azahar ta yi, na ɗaura igiyar a jikin jakata na yi salla a kan kwali. La'asar ma haka. Wani ɗan sanda mai furfura da ke zaune a inuwa yana kallona tun safe ya taso, ya miƙo hannu a ba shi takarda. Allah ya taimake ni takardar dakta ce a sama, ita kaɗai na zaro. Ya karanta jan rubutun, ya duƙa ya dubi wuyan, ya juya ya yi wa mai jakar wata tsawa da yarensu. Sannan ya zuba ruwa a kwanon da ya ci abinci ya ajiye mata, ya jira ta shanye, ya nuna mini hanya da haɓa.

Gidan da Sidi ke gadi yana wata unguwa mai dogayen katangu. Na ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe, wani dogon saurayi ya leƙo, rigar gadi a jiki, rawani a ka. Bai gaishe ni ba. Ya durƙusa a kan siminti ya yi wani ɗan fito, karyar da kwana ashirin ban ga ta ɗaga wutsiya ba ta fizge igiya daga hannuna ta cusa kai cikin hammatarsa. Sun daɗe a haka. Da yatsunsa suka kai wuyan ya ɗago ya dube ni.

"Kawu, me ya same ta?"

"Ni na same ta. Zan ba ka labari."

Matar gidan ta fito, dattijuwa mai fara'a, jikoki biyu suna riƙe da zanenta, wani ɗan kare mai gashi kamar auduga yana bin su. Ta sa aka kawo mini ruwan sanyi da kujera. Ita ta ba Sidi izini tun farko, ta ce tana son ganin karen hamada. Ta yaba tsawon ƙafafun, ta yi tsaki don tausayi da ta ga ciwon. Sannan ta ce, ta bakin Sidi, ina takardar rigakafi.

A nan na yi abin da har yau in na tuna sai na ji zafi a ƙeya. Na ce a raina yau ga inda takarduna za su yi amfani. Na zaro duka huɗun, na jera mata a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, kamar mai baje haja.

Ta sa tabarau. Ta karanta ta farko. Ta ɗauki mai launin ɗorawa, ta dubi Siririya, ta sake duban takardar. Da ta kai ta Paraku sai dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki, dariyar kuma ta ɗauke.

Sidi ya sunkuyar da kai yana juya mini. "Ta ce ta farko ta ce mace, launin yashi. Ta biyu ta ce namiji, baƙi. Ta uku, Kawu, takardar awaki ce."

"Ka ce mata ta farko da ta ƙarshe su ne na gaskiya."

Ya faɗa. Ta amsa ba da faɗa ba.

"Ta ce duka huɗun da tampo. Ta ce in biyu na saye ne, ta yaya za ta san ta farko ba ta saye ba ce? Daktan Kwatano bai ga allurar Belbeji da idonsa ba, abin da ka nuna masa ya bi."

Da ni ne ke sayen rago aka kawo mini shaidu huɗu masu saɓa wa juna, da haka zan ce.

Ta jawo jikokin jikinta ta ƙara magana, muryarta ta sauka. Tana yarinya, kare ya ciji ɗan maƙwabcinsu, ta ga yadda ya ƙare, an ɗaure shi a gado. Duk dabbar da za ta kwana a gidan nan, likitanta ne zai yi mata allura a gabanta, haka aka yi wa karenta da kyanwoyinta. Gobe da safe zai zo. In ba haka ba, ta yi haƙuri, karyar ba za ta shiga ba.

Na ce a bari ciwon ya warke tukuna, ko wata guda. Ta ce ba laifi, a ajiye ta a wani wuri a kawo ta bayan wata. Amma Sidi ba shi da wani wuri. Ɗakinsa ɗan akurki ne a jikin ƙofar, abokansa duk masu gadi ne a irin wannan akurkin, a ƙofar wasu.

Muka fita waje mu uku, muka zauna a gindin katanga. Sidi ya ɗora kanta a cinyarsa yana cire mata ƙaiƙayin harawar da ya maƙale a kunne. Na ba shi labarin duka, ban rage nawa laifin ba. Bai katse ni ba. Motoci suna wucewa, inuwar katangar tana tsawo.

"Kawu, in aka yi mata gobe, za ta mutu?"

"Ban sani ba. Watakila ba abin da zai same ta, likitan madam ba na bakin hanya ba ne. Amma wanda ya tsaga wuyan nan ya ce kada a yi. Sau biyu ina cewa ba komai, ga abin da ya fito."

"In ka bar ta, kai ka sauke amana."

"Na sani. Tun Malanbil nake son in sauke."

Ya tambaye ni ko an yi ruwa a wajensu, na ce an yi biyu masu kyau kafin in taso. Ya tambayi raƙumar babansa mai ɗingishi. Ya shiga ɗakinsa ya fito da biredi da kifin gwangwani, abincinsa na yamma, ya ba ta a tafin hannu har ta cinye. Daga ciki aka danna hon, maigidan zai fita da mota. Sidi ya miƙe, ya naɗe igiyar a hannunsa, ya kama nawa hannun ya sa mini ita.

"Mayar da ita, Kawu. Nan ba wurin gudu ma. Ka ce wa Baba na gan ta."

Ya buɗe ƙofar, mota ta fita, ya shiga ya rufe da hannunsa, don aikinsa ke nan. Siririya ta ja ni har jikin ƙarfen, ta sa hanci a ƙarƙashi tana shaƙa. Ina ganin takalmansa ta ƙasan ƙofar, bai matsa ba. Na ja, ta turje. Ban so in ja da ƙarfi saboda wuyan, sai na sunkuya na ɗauke ta cak, na bi titi da ita a kafaɗa har inda ake samun mota.

Kwana shida muka yi a hanyar komawa, a bayan kamyon siminti. An tare mu sau uku, ba wanda ya sake kusantar ta da allura. Na kai ta arewa da Belbeji da ranta, da ƙafarta ta sauka. Baba Agali ya fito daga bukka, ya dube ta, ya dube ni, ya tsuguna ya shafa tabon da babban yatsa. Na shirya bayanina tun daga Lome, amma bai tambaye ni komai a kansa ba.

"Ka ga yaron?"

"Na gan shi, Baba."

"Ya rame?"

Na ce ya rame.